Eksasais, Biyar da Safe Biyar da Yamma

Na gode wa Allah da ya ja kwanana har na iya ba da labarin nan ina dariya, don lokacin da abin ya faru dariyar ni ake yi wa. Na rubuta shi ne saboda duk wanda zai kai tsohonsa asibiti. Sunana Garba, manomi ne ni a Kutemeshi, kuma jinyar mahaifina ce zan faɗa, Malam Bawa, Allah ya jiƙansa, tun ana kashe sule da kwabo.

Bari in fara da kaina, don ni ne ciwonsa na biyu. Ina da takardar yaƙi da jahilci, na kuma yi wata bakwai ina lebura a aikin hanyar Kaduna, inda na tsinto 'yan kalmomin Turanci. Da su na ishi mutanen garinmu. Ko akuya ce ta shiga gonata, da Turanci nake korar ta. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ya kai mu.

Makon farko, an gama yankan dawa, sanyi ya sauko sosai. Baba ya shiga daji da sassafe duba amyoyinsa na zuma, ya dawo lafiya ƙalau, Inna ta ajiye masa ɗumame. Ya yanko loma ke nan sai ta suɓuce daga hannunsa. Ya sake yankowa, ta sake faɗuwa. Kafin Inna ta ce mene ne, bakinsa ya karkace, ya zame gefe. Muka ɗauke shi cak zuwa gadonsa na ƙasa, aka hura wuta a ƙarƙashi. Hannun dama da ƙafar dama duk sun ƙi motsi. Wallahi ranar na tsorata, na koma bayan rumbu na yi kuka.

Bayan kwana huɗu magana ta dawo masa, kuma abin da ya fara yi da ita faɗa ne. Ƙafa ma ta ɗan saki, har yana jan ta da sanda zuwa bayan gida. Hannun ne ya dunƙule ya ƙi buɗewa. To a nan fa aka shiga uku, don Baba ya rantse ba zai ci tuwo da hagu ba.

"Hannun da nake tsarki da shi?" in ji shi. "Allah ya kiyaye."

Inna ta ce, "To Malam, bari in riƙa ba ka a baki."

"Ni jariri ne? Ɗauke mini kwanon nan."

Kunu kaɗai ya yarda da shi. Yakan tallabi ƙwaryar da hagu, ya jingina mata dunƙulallen hannun, wai don a shaida da dama ya sha. Mutumin da ke tashi da malmala uku ya koma rabin ƙwaryar kunu. Muna kallo yana zubewa, wuyan rigarsa na ƙara faɗi. Kowa a gidan ya san lissafin: in hannun nan bai kai tuwo baki ba, yunwa za ta riga ciwon kashe shi.

Mako na biyu na 'yan uwa ne. Gwaggo Hajara, yayar Baba, ta iso daga Kazage da ƙullin kaya, tun daga zaure take cewa ai ta sha faɗa masa ya daina shiga dajin nan kafin rana ta fito, ga shi masu wurin sun mare shi. Ta turara masa saiwoyi har Inna ta fito daga ɗakin tana hawaye, ba na tausayi ba. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho. Wani maharbi ya kawo kitsen mesa aka shafe hannun da shi, kwana uku karnukan unguwa na zaune a ƙofar ɗakin ba mai iya korar su. Duk wanda ya shigo gaisuwa da maganinsa, kuma kowa yana da kawun da ya warke da shi. Ban raina kowa ba, don ƙauna ce ta kawo su. Amma hannu dai yana nan jiya i yau.

A mako na uku na ce asibiti za mu, ko da za a yi faɗa. An kuwa yi. Muka ɗora shi a jaki zuwa bakin titi, muka shiga babbar mota mai buhunan dawa, muka ratsa dajin nan tun hantsi har la'asar, Baba na kwance a kan buhu yana tsine wa duk ramin da muka faɗa. Na tuna wasu ramukan ma da hannuna na cike su.

Kwana biyu muka yi a barandar wani babban asibiti a Kaduna kafin a kira mu. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita daban, kuma duk wanda ka tambaya sai ya nuna maka wani layin da baki. Mai ba da kati ya tafi cin abinci tun azahar, bai dawo ba sai bayan la'asar. Ban yafe wannan ba har yau. Amma wata ma'aikaciyar jinya, ban ma san sunanta ba, ta ga Baba na rawar ɗari ta kawo masa bargo ba wanda ya roƙe ta. Allah ya saka mata da alheri a duk inda take.

Likitan Ba'indiye ne, siriri mai tabarau. Akwai malamin asibiti a tsaye a gefensa don fassara. Malamin ya buɗe baki ke nan, sai na ɗaga masa hannu.

"Bar shi, Malam. Ina jin Turanci."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce to, ya fita duba wani majinyacin. Kaico, da ma ya mare ni a wurin.

Likita ya ɗaure wa Baba wani abu a dantse ya hura, ya ƙwanƙwasa masa gwiwa, ya ja yatsunsa ɗaya ɗaya. Sai ya juyo gare ni ya zubo Turanci mai yawa yana kaɗa kai. Ina ta cewa yesa, yesa, alhali ko ɗaya ban kama ba. Can sai ga kalmar da na sani ta faɗo: eksasais. Ya maimaita ta har sau uku. Na ji safe, na ji yamma. Sannan ya ɗaga hannunsa ya buɗe yatsu biyar, ya dunƙule, ya sake buɗewa. Zuciyata ta yi fari. Wane ne bai san eksasais ba? Littafin rubutu ne mai jan bango, irin wanda muka yi yaƙi da jahilci da shi. Yatsun kuwa ai a fili suke: biyar da safe, biyar da yamma.

Aka ba mu ƙwayoyin hawan jini, su dai mai ba da magani ya yi mana bayaninsu da Hausa tun ban hana shi ba. Na biya kanti na sayi eksasais uku, muka kamo hanya.

Da muka dawo aka zauna shawara, don Baba bai iya boko ba, balle hannun rubutun ne ma ya mutu. Ni na fara tunanin ko shafa masa za a riƙa yi. Gwaggo ta karɓi littafin ta juya shi, ta shinshina.

"Likitan ya ce a rubuta wani abu a ciki?"

Na ce a'a.

"To jiƙawa ake yi. Kai da ka yi boko ba ka san wannan ba?"

Ta yagi warƙa biyar ta tsoma a ruwan ɗumi. Jim kaɗan sai layukan nan suka fara narkewa, ruwan ya yi shuɗi-shuɗi. Gwaggo ta yi guɗa a hankali ta ce ga maganin nan yana fita. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na ƙara da bayani: ai a cikin layukan Turawa ke zuba sinadarin, shi ya sa 'yan makaranta ke da kaifin kai. Kowa ya gyaɗa kai. Aka tace, aka dama masa kunu da ruwan.

Mako na huɗu, na biyar, na shida, na bakwai, na takwas, ba mu yi fashin ko yini ɗaya ba. Baba ya ce kunun na warin kanti, aka ce haka magani yake. Littattafan Kaduna suka ƙare, na riƙa hawa keke zuwa Birnin Gwari ina sayowa, har mai kantin ya tambaye ni ko makaranta na buɗe. Hannun kuwa mun naɗe shi da tsumma mun ajiye masa a kan ƙirji, ba mai taɓawa, don Gwaggo ta ce kada a motsa shi magani ya zube. Yana kwance a ɗaki, ba fita saboda sanyi, ba hira, sai kallon rufi. Faɗan ma ya daina, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Wata rana na ɗaga shi zan gyara shimfiɗa, na ji ba nauyi, kamar na ɗauki damin kara.

Ranar wata Talata da hantsi ina tsugune a tsakar gida ina yagar warƙa, sai ga sallamar Baba Yakubu. Tsohon soja ne, Bagwari Kirista daga Gayam, kowa na ce masa Kofur. Shi ne abokin darar Baba tun suna samari, duk ranar kasuwar Birnin Gwari sai sun haƙa gidajen dara a gindin tsamiya sun zagi juna har rana ta faɗi. Labarin ciwon bai kai masa da wuri ba. Ya jingine kekensa, yana sanye da tsohon kwat ɗinsa na soja, ya tsaya a kaina.

"Garba, me kake wanke wa takarda?"

Na miƙe na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla, har da sinadarin. Ya ce in maimaita abin da likita ya faɗa. Na maimaita. Ya ce in nuna yadda ya yi da hannu. Na buɗe yatsu, na dunƙule, na buɗe.

Kofur ya zauna a kan turmi. Da farko na ɗauka tari ne ya sarƙe shi. Ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti, sai hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, "Wayyo cikina. Yaro, shekara shida ina cin eksasais a bariki, ba a taɓa dama mini shi a kunu ba."

Ya tashi ya tuɓe kwat, tsoho mai furfura, ya shiga ɗaga hannuwa sama yana saukewa, yana tsugunawa yana miƙewa, yana ƙirga da ƙarfi, kaji na watsewa. "Wannan shi ne eksasais! Motsa jiki! Likita cewa ya yi ya riƙa buɗe hannun yana rufewa, safe da yamma!"

Gwaggo ta ce ita da ma tun farko abin bai kwanta mata ba, ta shige ɗaki. Sai muryar Baba daga ciki, don duk ya ji.

"Garba."

"Na'am, Baba."

"Littafi nawa na sha?"

"Tara, Baba."

Can ya ce, "Tara. Kuma ko sunana ban iya rubutawa ba."

Na zaci an gama, tunda an gano maganin. Ina! Da Kofur ya shiga ya ce ya ɗaga hannu sau goma, Baba ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne, ba kuma kurtu ba, ba zai yi rawa a gaban surukansa ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ya juya wa bango fuska. Kofur ya dube shi ya daɗe. Sannan ya fita ya ɗauko fartanya, ya tsuguna a gaban gadon ya fara haƙa ramuka a daɓen da Inna ta kwana uku tana bugawa da makuba. Inna ta ɗora hannu a ka.

"Kofur, daɓena!"

"Yi haƙuri, uwargida. Gidan dara nake yi. Na ji an ce Bawa ya mance wasa, na zo in ci banza."

Baba bai juyo ba, amma na ga kunnensa ya motsa. Kofur ya jera gidajen, ya ɗauki guntayen kara, ya tara wa Baba ƙwallayen goruba manya. Dara kuwa, ga wanda bai sani ba, duk wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi sai ya cinye ɗaya na abokin wasa. Baba ya ce in zauna in riƙa tura masa. Kofur ya ce shi ba ya wasa da ɗan aike. Baba ya miƙo hagu. Kofur ya ce, "Af, ashe hagun ta halatta? To a kawo tuwo." Baba ya janye ta kamar ya taɓa wuta.

Sai Kofur ya ce shi ke nan, zai buga wa kowa. Ya riƙa tura nasa, ya tura na Baba, kuma duk turin da zai yi wa Baba sai ya zaɓi na wauta. Bai tsaya nan ba, ya shiga satar fili, yana matsar da kara biyu a lokaci guda yana waƙa da Gwaranci. Baba na huci. Da Kofur ya ɗauke ƙwallo na huɗu ba tare da ya jera komai ba, sai muka ji, "Ɓarawo! Arnen banza, ajiye mini ɗana!" Dunƙulallen hannun nan ya taso daga ƙirji, tsumma na reto, ya sauka a kan gidajen ya watsa komai.

Hannun ya yi tafiyar da ba ta fi taki ɗaya ba, amma shi ya yi ta da kansa. Kofur ya kwashe 'ya'yan ya sake jerawa kamar bai ga komai ba, ya ce, "Ka ɓata wasa, Bahaushe. Na ci wannan."

Daga ranar Kofur ya tare a gidanmu. Ran Asabar ya hau keke ya tafi Gayam don coci, ran Litinin ya dawo, dawarsa na can a masussuka ba a taɓa ba. Mako na tara Baba na tura ƙwallo da bayan hannu. Na goma yana kama shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya faɗi, ya sake kamawa, yana zagi. Da ya saba, sai Kofur ya ce gorubar ta ɓace, ya kawo tsakuwa. Da ya saba da tsakuwa, ita ma ta ɓace, aka koma gyaɗa, daga nan wake. Goron Baba ma ya ɗaure shi da zare ya rataye a azarar ɗaki, wai saboda ɓeraye, kullum kuma zaren na ƙara gajarta. Baba ya san sarai abin da ake yi masa, amma tunda ba wanda ya kira shi eksasais, sai ya miƙa hannu ya ciro abinsa.

Ɗakin da ya yi makonni kamar kabari ya koma dandali. Tsofaffin unguwa suka gano akwai wuta da dara, suka riƙa zuwa tun hantsi. Wannan na tufkar igiyar rama ya miƙa wa Baba bakin ya riƙe masa, wancan na saƙar faifai, Inna ta turo kwandon gyaɗa ta ce tunda an ɓata mata daɓe sai a biya ta da ɓara. Gwaggo na gefe da mazarinta tana kaɗi, tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa turarenta ne ya fara aiki sai yanzu. Baba ya ƙara shan kunu, na gaskiya wannan karon, amma tuwo har yanzu a'a. Ya gwada sau ɗaya a ɓoye, Inna ta ga miya a bargo ta wanke shi.

A mako na goma sha uku muka koma asibiti. Wannan karon na ce wa malamin don Allah ya tsaya, ko gaisuwa ce ya fassara mini. Likita ya ga hannun ya ji daɗi, ya tambayi yaushe aka fara motsa shi. Na faɗi gaskiya duka. Malamin ya fassara rabi, ya nemi izini ya fita waje, muna jiyo shi. Likita bai yi dariya ba. Ya cire tabarau, ya kama ƙaramin yatsan Baba da na kusa da shi, waɗanda suka lanƙwashe suka manne da tafi, ya ja su a hankali, suka ƙi. Da malamin ya dawo yana share ido, ya gaya mini abin da likita ya ce, bai rage komai ba: uku za su ci gaba da ƙarfi, biyun nan sun riga sun sandare, kuma da an fara tun zuwan farko, mai yiwuwa da ba haka ba. Baba na zaune yana ji. Har muka ratso dajin muka iso gida ban iya haɗa ido da shi ba.

Washegari da azahar ya ce wa Inna ta tuƙa tuwon dawa, miyar kuka, kuma kada kowa ya fita daga ɗakin. Ni da Inna da Gwaggo da Kofur muka zauna. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya sa yatsu uku ya yanko. Lomar ta faɗi a cinyarsa. Inna ta yunƙura, Kofur ya riƙe mata gefen zane. Ta biyu ta kai haɓa ta zame. Ta uku ya sunkuyo da kai ya tarye ta a hanya, ta shiga. Ya tauna, ya haɗiye, muna jin saukarta.

Ya ce, "Miyar nan ba gishiri."

Inna ta fashe da kuka tana dariya, ta ce wata uku tana jiran wannan ƙorafin. Ya cinye malmala ɗaya da rabi, rabin a baki rabin a riga.

Da aka watse na dawo na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Girman kaina ne ya ci maka yatsu biyu. Da na bar malamin nan ya yi magana…"

Ya ɗaga hannun ya juya shi, yana duban su kamar ranar ya fara ganin su. Sannan ya ɗora shi a kaina, na ji yatsu uku sun kama hulata, biyun kuma sun tokare ni a goshi.

"Na yafe tun a mota," in ji shi. "Uku sun ishe ni tuwo. Biyun nan kuwa naka ne, Garba. Ni dai riƙe maka su nake yi."